Babi Na Shida: Saɓanin Kaset-Kaset Na Bidiyo

Wanda ya yi wayo a cikin birnin Kano a shekarun 1990, lokacin da da wuya ka ratsa unguwa, tun daga Yakasai har Gwammaja, ba ka ga shagon hayar kaset ba, zai iya zaton cewa kaset ɗin bidiyo iri guda ne tun fil azal, wato baƙin akwatin roban nan mai tagogi biyu wanda ake turawa a bakin na'ura ta haɗiye shi. Alhali kuwa abin da ya tarar ɗin saura ne na wata doguwar jayayya da aka yi tsakanin manyan kamfanonin Japan da na Turai, wadda ta haura shekara goma ba ta lafa ba, ƙurarta kuma ta iso har cikin ganuwa, ta bar waɗansu magidanta riƙe da na'urori masu tsada waɗanda lafiyarsu ƙalau, amma babu abin sa musu. Mas'alar kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, sabili da yawancin abin da aka ɗauka na rayuwar wannan birni a cikin shekara ashirin ɗin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce yana kwance ne a jikin waɗannan kaset-kaset, kowanne kuwa ba ya buɗe cikinsa sai ga na'urar da ta dace da shi.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 1971 kamfanin Sony ya fito da wani kaset mai suna U-matic, wanda faɗin zarensa ya kai rubu'i uku na inci. Sai dai girmansa da tsadarsa sun fi ƙarfin gida, saboda haka ya zama kayan aikin gidajen talabijin da manyan makarantu. A 1975 Sony ya ƙanƙanta wannan hikima ya fito da Betamax, mai zaren rabin inci, yana kyautata zaton sauran kamfanoni za su yi masa mubaya'a a taru a kan tsari guda. Kamfanin JVC, wanda a zamanin yake ƙarƙashin inuwar Matsushita, mai kayan National da Panasonic waɗanda Kanawa suka riga suka sani tun a akwatin rediyo, ya ƙi, ya fito da nasa a 1976, shi ne VHS. Daga baya, a 1979, Philips na Holan da Grundig na Jamus suka kawo Video 2000, wanda ake juya shi a yi aiki da gefe biyu, kowane gefe har sa'a huɗu. Dabara ce mai kyau, amma ta zo a makare, aka daina ta a 1988, ba mu kuwa da dogon zance a kanta.

In ka ajiye Betamax da VHS a kan tabarma kusa da juna, bambancin zahiri ba ya ɓuya. VHS tsawonsa milimita 187 ne, faɗinsa 103, shi kuwa Betamax 156 ne da 96, ko da yake kaurinsu ɗaya, milimita 25. A fuskar VHS kana hangen ƙullin zare na hagu da na dama, har ka kintaci ko an tariyo shi ko wanda ya yi haya kafin kai ya maido shi a ƙarshe. Betamax taga guda gare shi, ƙulli ɗaya kake gani. In ka kifa su, za ka ga ramukan nan biyu masu haƙora, inda na'ura take kamawa ta juya zare, tazarar da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ce. Hatta ɗan harshen roban nan da ake karyawa don kada wani ya yi kuskuren ɗora sabon ɗauka a kan tsoho, wanda yara suka gano cewa ana toshe raminsa da salatif a mayar da kaset ya karɓi ɗauka, a VHS yana gefen da ake rubuta suna ne, a Betamax kuwa yana ƙarƙashi. Saboda haka VHS ba ya shiga bakin na'urar Betamax ko kusa, Betamax kuma in an tura shi cikin ta VHS sai ya yi ta lilo babu abin da ya kama shi. Amma da yake faɗin zaren duka biyun rabin inci ne, kuma duka leda ce da aka shafe da gari mai karɓar maganaɗisu, mai hankali zai iya tambaya: to, me zai hana a kwance akwatin, a zare zaren wannan a naɗa shi a cikin gidan wancan? Ana iya yi, zaren kuma zai juya, amma hoto ba zai fito ba, dalilin kuwa yana can cikin na'ura.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyara, daga cikin waɗanda suka kafa tebur a wajajen Ƙofar Wambai da Bata, ya ga an kware wa na'urar VHS murfi tana aiki, ya ga abin da ya isa a yi tasbihi. Da kaset ya sauka, sai murfinsa na gaba ya ɗage, waɗansu 'yan sanduna biyu na ƙarfe su shiga ta bayan zaren su jawo shi waje a hankali, su rungumar da shi ga rabin jikin wata ganga mai ƙyalli wadda aka dasa a karkace da gangan. Gangar nan tana juyawa sau 1,500 a minti guda, a jikinta kuma akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin bakuna, su ne hed, waɗanda suke rubutu da karatu. Shi zaren tafiyar hawainiya yake yi, bai cika inci guda a sakan ba, amma saboda gudun gangar, hed yana shafar fuskarsa da saurin kusan mita 5 a sakan, yana jan layuka a jirge, ɗaya kusa da ɗaya, hamsin a kowane sakan, ko wane layi bai fi silin gashi kauri ba, ko wanne kuma yana ɗauke da rabin hoto guda. Murya tana tafiya a bakin zaren na sama, a bakinsa na ƙasa kuma akwai waɗansu alamomi jere, waɗanda da su na'ura take sanin inda ko wane layi ya fara. To, a Betamax faɗin gangar milimita 74.5 ne, ba 62 irin na VHS ba. Wani zobe ne yake jawo zaren ya kewaya da shi, ba sanduna biyu ba. Tafiyar zaren kuma ta fi ta VHS nawa. Tun da haka ne, tsawon layukan da jirgewarsu da tazararsu duk sun saɓa, hed ɗin wannan in ya hau rubutun wancan sai ya yi ta tsallaka layuka a gicciye bai bi ko ɗaya ya kai ƙarshensa ba.

Almajirin da ya yi karatu a allo da rubutun hannu irin namu ya san cewa fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo guda gare ta a sama. Ranar da aka fara miƙa masa littafi bugun Misira, inda mai ɗigo guda a sama ita ce fa, ƙaf kuma sai da biyu, dole harshensa ya yi tuntuɓe, ba don takarda ko tawada sun sake ba, sai don ƙa'idar da marubuci ya bi ba ita mai karatu ya koya ba. Shi almajiri yana da hankali, kwana kaɗan ya gane. Na'ura kuwa ƙa'ida guda aka ƙera ta a kai, ba ta da ijtihadi. Babu hujjar da ta fi bayyana wannan kamar Betacam, wanda Sony ya fitar a 1982 saboda gidajen talabijin. Ƙaramin kaset ɗinsa, a girma da siffa, shi ne na Betamax sak, yana shiga na'urar gida ya zauna daram, amma abin da aka rubuta a cikinsa da wata ƙa'ida aka rubuta, zaren kuma an ja shi da gudun da ya haura ninki biyar, saboda haka wanda ya roƙi aron shiri daga wani ma'aikacin talabijin ya kawo gida, babu abin da zai gani.

Ma'abota sanin wannan fanni da dama sun tafi a kan cewa hoton Betamax na farko ya ɗan fi na VHS tsabta, duk da haka VHS ne ya yi rinjaye. Dalilin da aka fi ambata shi ne tsawon lokaci, wai Betamax na farko sa'a guda yake ɗauka, VHS kuwa biyu. Wannan gaskiya ne game da Japan da Amurka a shekarun farko, amma ni a ganina bai isa ya zama sanadin abin da ya faru a wajenmu ba, domin a tsarin talabijin da Nijeriya take bi, kaset ɗin Betamax mai lamba L-750 yana ɗaukar sa'a uku da minti goma sha biyar, wato ya ma ɗara E-180 na VHS mai sa'a uku, ko wannensu kuwa yana iya ɗauke yawancin fina-finan Indiya da mutanen birni suka fi so. Abin da ya raba gardama shi ne yawan mabiya. JVC ya saki hannu ya ba kamfanoni izinin ƙera irin na'urarsa, Matsushita da Hitachi da Sharp da Mitsubishi da Akai duk suka shigo, kaya suka yi yawa, farashi ya sauko. Sony da Sanyo da Toshiba suka zama su ne 'yan tsiraru. Kaset kuwa ba abin da mutum yake saya ya kulle ba ne. A cikin birni yawo yake yi: daga wannan soro zuwa wancan, daga ɗakin amarya zuwa gidan iyayenta, a hannun yarinyar da aka aika da saƙon a gaishe su, in sun gama a ba ta na jiya. Ga matan aure da ke cikin kulle, waɗanda gidan silima, ko da Palace ne da a lokacin yake nan Jakara a cikin gari, ba wurin zuwansu ba ne, wannan aron shi ne hanyar kallo in ban da abin da gidan talabijin ya ga damar nunawa. Maigidan da ya sayo Betamax, kome kyawun hotonsa, ya cire iyalinsa daga wannan zumunci. Na kusa da shi kuma, da ya ga haka, in ya tashi saye sai ya tambayi irin wadda maƙwabta suke da ita. A 1988 Sony da kansa ya sallama, ya fara ƙera na'urar VHS.

Wannan ittifaƙi da aka samu, ba da shawarar kowa ba, shi ne harsashin da aka gina sana'ar fim ɗin Hausa a kansa. Kasuwar Ƙofar Wambai, wadda malamin jami'a Brian Larkin ya yi dogon bayaninta a littafinsa Signal and Noise na 2008, ta riga ta ƙware wajen gurza kaset tun a kan fina-finan Indiya da na Amurka da wa'azin malamai, tana da dillalai masu kai kaya garuruwan Arewa da ƙetaren iyaka. Saboda haka lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, ba ta bukaci gina gidan kallo ko shigo da wata na'ura ba, hanya a share take, kuma a kanta Sangaya ya bi a 1999 ya game ƙasa. Yadda cinikin ya zauna shi ne mai fim ya buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwa tare da masta, wato kaset ɗin asali, su sayi kwalayen, su kuma su gurza a kan kaset-kaset ɗin da suka sayo babu kome a ciki. Gurzar kuwa aikin haƙuri ce: na'ura guda tana karanta masta, an jona ta da waya zuwa waɗansu da aka jibga bisa juna, fim ɗin sa'a biyu sai ya ci sa'a biyu cur, in aka ɗauke wuta a tsakiya a koma farko. Da a ce gari ya rabu biyu tsakanin Betamax da VHS, da sai ko wane ɗan kasuwa ya tanadi jeri biyu na na'urori da kwali iri biyu, ribar da dama ba ta taka kara ta karya ba kuma sai ta ƙare a nan. Sai dai kuma abin yana da nasa aibi, domin irin wannan rubutu ba ya ƙaura daga zare zuwa zare sai ya bar wani abu a baya: kwafin farko ya ɗan dushe, kwafin kwafi jan launi ya fara malalowa daga riga zuwa bango, na bayansa fuskoki su yi dishi-dishi, murya ta shaƙe. Mutane da yawa ba su taɓa ganin fina-finan da suke ƙauna ba sai a wannan hali.

Bayan an gama da wancan saɓani, sai ga wani wanda ya fi shi ɓuya, domin shi a tsakanin VHS da VHS yake. A zamanin, duniya ta kasu uku a tsarin talabijin mai launi. Nijeriya, kamar Ingila da Indiya, tana bin PAL, mai layi 625 da hoto 25 a sakan. Amurka da Japan suna bin NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30. Faransa da yawancin ƙasashen da ta yi wa mulki, har da Nijar, suna bin SECAM, wanda ya yi muwafaƙa da PAL a yawan layi da hoto, ya saɓa masa a yadda ake ɗora launi. Ka ga ke nan tsakanin Kano da Maraɗi, inda harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, fatauci kuma bai taɓa yankewa ba, akwai wata iyaka da ba a gani: shirin da aka ɗauka daga talabijin ɗin Nijar in an sa shi a na'urar PAL zalla, hoto zai fito, murya ta fito, amma fari da baƙi. Na Amurka ya fi muni, domin gangarsu sau 1,800 take juyawa a minti, zaren kuma ya fi namu gudu, saboda haka hoton sai ya yi ta birgima yana yayyagewa, murya ta jirkice. Ko lambar da ke jikin kwali tana faɗin haka ga wanda ya san ta, E tamu ce, T tasu; T-120 da aka rubuta wa sa'a biyu, in babu kome a cikinsa ka yi ɗauka da na'urarmu, sai ya ba ka kusan sa'a uku.

Sau da yawa irin wannan kaset ne yake kai dattijo rumfar mai gyara, ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da hoton bikin saukarsa, an tara iyali, abu ya ƙi. Mai gyara ya sa wani kaset ya ga na'ura tana yi, ya juya na Alhaji ya duba lamba, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, na'urarka ba ta da laifi, kaset ɗin ma ba shi da laifi. Ba ƙasarsu ɗaya ba." Alhaji ya ce, "To, Malam, yanzu mene ne abin yi?" Ya ce, "Sai dai a nemi irin wadda ake kawowa daga Jidda ko Dubai, mai cin kowane iri, a haɗa ta da talabijin mai karɓarsa." Gaskiya kuwa ya faɗa, domin a ƙasashen Larabawa tsare-tsaren sun cakuɗe, Saudiyya ma ta daɗe tana watsa shiri da SECAM, shi ya sa kamfanoni suka riƙa ƙera wa kasuwannin can na'urori masu karanta tsari fiye da ɗaya, irinsu kuwa suna da daraja ta musamman a cikin tsarabar mahajjata da 'yan kasuwa. Akwai kuma ƙaramin saɓani na gudu, inda mai tsimi yake ɗauka da rabin sauri don kaset ɗin sa'a uku ya ba shi shida, ya kai gidan da na'urarsu ba ta san wannan ba. Da kuma ɗan bambancin saiti tsakanin na'ura da na'ura, wanda yake jawo farin layi mai tsatsa a gindin hoto, har sai an murɗa maɓallin daidaitawa ya kwanta.

Kyamarori su ma sun zo da nasu. Masu ɗaukar biki sun fi amincewa da manyan nan na Panasonic da ake saɓawa a kafaɗa, waɗanda suke cin cikakken kaset, a gama kamu ko ɗaurin aure a zare shi a sa a na'urar gida nan take. Amma a 1982 JVC ya fito da VHS-C, ɗan ƙarami mai ɗaukar minti 30 ko 45, a 1985 kuma Sony ya fito da Video8, wanda Hi8 ya biyo bayansa a 1989. A ido kusan girmansu ɗaya, mutane kuwa sun sha rikita su, alhali hukuncinsu ya yi nisa da juna. VHS-C zarensa da rubutunsa na VHS ne, gidansa kawai aka rage, saboda haka akwai wani akwati mai siffar babban kaset da ake kwantar da shi a ciki, a rufe, ya miƙe zaren, a tura a na'ura ya yi. Video8 kuwa faɗin zarensa milimita 8 ne, rubutunsa ma dabam, babu akwatin da aka taɓa ƙerawa, ko za a iya ƙerawa, da zai sa na'urar VHS ta karanta shi, duk da yawan masu zagaya kasuwa suna cigiyarsa. Hanyarsa ita ce a jona kyamarar, ko na'urar irinsa, da talabijin da waya. S-VHS na 1987, wanda waɗansu masu shirya fim suka riƙa ɗaukar masta da shi saboda tsabtar hotonsa, na'urarsa tana karanta VHS, amma tsohuwar na'urar VHS ba ta karanta rubutunsa yadda ya kamata, ko da yake gidansu ɗaya in ban da wani ɗan rami a ƙarƙashi.

Sony ya daina ƙera na'urar Betamax a 2002, ya daina kaset ɗinta a watan Maris na 2016; a watan Yuli na wannan shekara kuma Funai, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, shi ma ya tsaya. Abin da yake damuna a nan shi ne abin da ke cikin adakoki da ƙarƙashin gadaje a gidajen birni: hawan Daushe na zamanin Sarki Ado Bayero kamar yadda wani ya ɗauka daga cikin taro, maukibin Ƙadiriyya, tafsirin azumi, sunaye da bukukuwa inda kakanni suke magana da muryarsu, da mastocin fina-finan farko waɗanda ba duka aka juye zuwa faifai ba. Yanayinmu kuwa ba ya sassauta wa zare. Zafin bazara yana sa shi ya manne da juna, laimar damina tana haifar da funfuna, wadda ake gani fari-fari a gefen ƙullin ta cikin taga, ƙurar hunturu kuma in ta shiga tsakanin zare da ganga sai ta toshe hed ta karce rubutu. Wanda yake da irin wannan ajiya, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya tantance abin da ke hannunsa, ya auna girma, ya ƙirga tagogi, ya karanta lamba, kafin ya tura shi a bakin kowace na'ura; mai funfuna kada ya kusanci na'ura sai an share shi, don zai ɓata hed ya shafa wa na bayansa; sauran a jera su a tsaye, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Masu juye VHS zuwa kwamfuta har yanzu ana samunsu a Kano. Mai Betamax ko Video8 kuwa sai ya fara da neman na'urar ko kyamarar tukuna, ya kuma sa mai gyara ya duba robobin da ke jan zare a cikinta, domin suna bushewa su tsattsage ko ana aiki da ita ko tana ajiye.